Kiɗan da Kawu Ya Kai Gona

Kawu ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, damina ta kankama, gero ya kai gwiwa. Na Allah muke, kuma wurinsa kowa zai koma. Kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, gindin darbejiyar da shi ya dasa da hannunsa. Ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da mahaifina ya rasu ina saurayi, shi ne mutumin da nake zuwa wurinsa idan abu ya sha mini kai, kuma ni abubuwa suna yawan sha mini kai.

Jama'a sun zo sosai. An zo daga Shanono, an zo daga Rimin Gado, babban ɗansa da yake zaune a Bacirawa ya taho da abokan kasuwancinsa mota guda. Duk wanda ya durƙusa ya yi gaisuwa sai ya faɗi wani alheri. Wani ya ce Kawu ne yake share masallaci tun kafin ladan ya iso. Wani ya ce bai taɓa jin an kai Kawu gaban mai unguwa a kan iyakar gona ba. Mata a cikin gida suna ta ambaton mangwaron da yake raba wa yara. Amma dattawan ƙauyenmu, waɗanda suka san shi tun yana da baƙin gashi, kusan kowannensu sai ya ƙara wata 'yar jela a ƙarshen addu'arsa.

"Allah ya jiƙansa. Allah ya yafe masa abin da ya yi da ƙuruciya."

Baffa, ƙanen mahaifina, wanda yanzu shi ne mafi tsufa a unguwarmu, ya fi kowa fitowa fili. Ya gyara zaman sandarsa ya ce, "Ƙarshen dai ya yi kyau, alhamdulillahi. Farkon ne sai addu'a."

Babu wanda ya tambayi me ake nufi, don kowa ya sani. Rikodar Kawu ake nufi, da kiɗan da ya riƙa kaiwa gonakin mutane a shekarun fari, lokacin da gari yake cikin yunwa. Na ga babban ɗansa ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Da yamma ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, har yau ba za a bar maganar nan ba? A makaranta 'ya'yan mai rawa ake ce mana. Ga shi an binne shi ma ba a daina ba."

Na san wani abu game da kiɗan nan da ba wanda ya sani, kuma Kawu ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba. Ga shi kuma tun muna yara muke ji a wurin karatu cewa shaidar da mutane suka yi wa mamaci tana da nauyi. Sai na zauna a kan tabarmar nan ina jin ana yi masa shaida rabi, sauran rabin yana bakina a kulle. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, duk da karatuna bai wuce firamare ba. Idan na ƙara wani abu a kan abin da ya faru, Allah ya yafe mini. Na yi iya ƙoƙarina kada in ƙara.

Kawu ya bar ƙauye tun yana matashi ya tafi birni aikin masaƙa. Idan ya zo hutun salla, yara har bakin hanya suke tarbo shi don su ga shigarsa. Wando ne mai matse cinya, ƙafarsa kuma a buɗe har tana sharar ƙasa, da takalmi mai tudu, ga gashi ya tara a ka kamar an kifa kwando. Inna, wato mahaifiyata, takan dube shi ta ce, "Yanzu kai a haka ka ratso kasuwa?" Shi kuma ya juya mata baya ya karkaɗa kafaɗa ya ce, "Yaya, ai ke ce ba ki waye ba."

Da aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu, masaƙa ta sallami ma'aikata, har da shi. Ya dawo gida da akwati ɗaya da katifa da rikoda mai cin manyan batura, da wata jakar fata cike da kaset. Kiɗan da yake cikinsu sol yake kiransa. Ya ce na baƙaƙen fatar Amurka ne, kuma ya ce tun lokacin ma ya fara zama tsohon yayi a birni, shi ne dai bai sake shi ba. Akwai ganga a ciki mai faɗuwa daidai ba ta kuskure, da wata jita mai kaurin murya wadda a ƙirji ake jin ta, da ƙahonni masu shigowa gaba ɗaya su tsaya gaba ɗaya, sai mawaƙi ya yi kira mata su amsa masa. Ranar da Inna ta fara ji, mawaƙin ya ƙwalla wata ƙara, ta saki muciya ta ce, "Subhanallahi! Me aka yi wa bawan Allahn nan?"

Kawu ya ce, "Matarsa ce ta yi yaji, yake roƙon ta dawo."

"To ai da ihun nan ko ni ce ba zan dawo ba."

Yakan ce mutanen nan danginmu ne, kakanninsu daga ƙasashenmu aka kwashe su. "Ku saurara da kyau," in ji shi, "kiɗan noma ne suka tafi da shi, suka saka masa wando." Ban san ko haka ne ba, ban taɓa samun wanda zan tambaya ba. Ni abin da ya dame ni shi ne abin da suke faɗa. Turancina bai kai in kama ko kalma biyu a jere ba, ina tsoron kada a ce saɓo ne muke saurare ko batsa. Na tambaye shi ba sau ɗaya ba. Kullum sai ya ce, "Malam Wasiwasi, wannan cewa yake a tashi a motsa. Wancan ma haka. Dukkansu maganarsu ke nan." Malam Wasiwasi yake kirana har ya bar duniya, ko a gaban jikokina.

"A motsa" ita ce kalmarsa. Idan ya tarar da mutum ya yi tagumi, ba ya tambayar dalili, sai ya taɓa shi da ƙafa ya ce, "Kai, a motsa." Batir kuwa yana kula da su kamar jarirai. Idan sun yi sanyi muryar mawaƙi ta fara ja kamar mai jin barci, sai ya jera su a kan katanga su sha rana. Ba ya yarda rikoda ta mayar da kaset baya da kanta, don kada ta ci wuta. Biro yake zura wa kaset ɗin ya yi ta juyawa a sama yana hira.

Wanda bai ga shekarun nan ba, da wuya ya gane yadda suke. Ruwa ya sauka mu yi shuka, ya ɗauke, shuka ta ƙone. Mu sake, ta sake ƙonewa. Rumbuna suka koma wurin kwanan kaji. A gidaje da yawa tafasa da rama ake dafawa a yayyafa ɗan ƙuli, wanda ya samu garin rogo ya jiƙa shi ne mai sukuni. Mutum ya fito ƙofar gida yana sakace haƙori don maƙwabta su ɗauka ya ci wani abu. A shekarar da nake magana, sai can baya ruwa ya zauna, muka zuba ɗan irin da ya rage. Ya tsiro da kyau, ciyawa ma ta tsiro tare da shi, ta fi shi sauri. Ga ƙasarmu gona na jikin gona, kowa yana ganin ta kowa. Wanda ciyawa ta ci gonarsa ba shi da wurin ɓoyewa.

Da can, idan noma ya fi ƙarfin mutum, gayya yake kira. Samari su taru da fartanyoyinsu, makaɗi ya zo da gangarsa yana zuga su, kafin rana ta take an gama. Amma gayya tana da ƙa'ida. Mai gona ne yake ciyar da mutanen da ya kira, fura da safe, tuwo idan an tashi, a raba goro. Makaɗi kuma yana da daminsa idan kaka ta yi. Kiran gayya ba tare da abinci ba, daidai yake da mutum ya hau kan katanga ya sanar da gari cewa gidansa babu komai. Ba mai iya wannan. Makaɗin ƙauyenmu ma ya rataye gangarsa ya tafi neman abinci kudu. Sai kowa ya duƙa a gonarsa shi kaɗai da cikin da babu komai, ya yi kuyya biyu ya zauna yana haki.

Ni a lokacin ban daɗe da aure ba, ga Inna, ga ƙannena mata, ga gonar da mahaifina ya bari duk a wuyana. Zazzaɓi kuma ya kama ni ya ƙi saki. Ina kwance ina lissafin yadda ciyawa take hawa kan geron.

Wata safiya na lallaɓa na fita gonar, tun daga nesa sai na ji gangar nan tana faɗuwa. Na tarar da Kawu ya rataye rikodarsa a reshen tsamiyar da take tsakiyar gonata, ya ɗaure wandonsa da igiya a ƙwauri, yana noma yana rausaya. Idan ganga ta faɗi fartanya ta faɗi. Idan ƙahonni suka shigo sai ya miƙe ya ja ƙafa ɗaya baya ya juya, ya sake duƙawa. Samari sun fara taruwa a bakin gona suna dariya. Ya ɗago ya ce musu, "Ni kiɗana na fito ji, inuwar tsamiyar nan ta fi ta ko'ina. Amma ba na kunna wa mai tsayuwa. Wanda yake son ji ya shigo layi. Na ga mutum ya tsaya, na kashe."

Ya kuwa kashe. Aka yi tsit. Wani ya ce, "Haba Kawu, ana tsakiyar daɗi!" Ya ce, "To ina fartanyarka?" Sai ga yara suna gudu gida suna ɗaukowa.

Ban taɓa ganin noma irin na ranar ba. Mutanen da jiya ba sa iya ɗaga hannu, yau sun jeru kafaɗa da kafaɗa suna tafiya tare da kiɗa. Idan mawaƙi ya yi ƙararsa su ma su ƙwalla, idan matan suka amsa su ma su amsa da abin da bakinsu ya iya. Duk wanda ya riga kai ƙarshen kuyya shi yake da ikon yin rawa har sauran su iso. Akwai masu kwaikwayon jan ƙafar Kawu suna faɗuwa a cikin ƙasa. Mata masu kai ruwa gonakin kusa suka tsaya da tuluna a ka, kafaɗunsu suna motsi, suna rufe baki da mayafi. Ni kuwa ina gindin tsamiya, ina tunanin da me zan ciyar da mutanen nan. Kafin azahar aka gama. Kawu ya sauke rikodarsa ya rataya a kafaɗa ya ce batir ya gaji, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya dube ni, ba wanda ya jira fura. A wurinsu ba gonata suka zo ba, kiɗa suka biyo.

Daga nan abin ya zama ruwan dare. Da safe samari su kasa kunne su ji ta ina gangar take tashi, su nufi can. Dattawa kuwa ransu ya ɓaci. Suka ce ana cikin jarrabawa, maimakon a koma ga Allah, ɗan birni ya zo ya mayar da yara 'yan rawa. Baffa ne a gaba. Mutum ne mai tsare mutuncinsa, bai taɓa roƙon ko allura a wurin kowa ba, kuma a shekarar 'ya'yansa maza duk sun tafi ci-rani sun bar shi da gona mai faɗi. A bakin masallaci ya tare Kawu ya ce, "Kai ko kunya ba ka ji? Mutane na binne yara kana karkaɗa ƙugu?"

Kawu ya ce, "Yaya, ƙugun nawa ne ai."

"Shashasha kawai. Kada in kuskura in ji abin nan kusa da gonata."

Kwana kaɗan bayan haka, ranar da Baffa ya tafi jana'iza wani ƙauye, Kawu ya tara samari ya ce, "Yau a gonar mai hana mu za mu sha kiɗa. A ƙure murya." Yara da son tsokana, har waɗanda ba su taɓa zuwa ba suka zo. Baffa ya dawo ya tarar da ƙura tana tashi a gonarsa, ana ihu ana juyi. Ya bi su da sanda yana zagi, suka watse suna dariya, Kawu na gaba rungume da rikoda. Ya kai ƙara wurin mai unguwa cewa an ci mutuncinsa. Mai unguwa ya zo ya duba, ya ga gona tas babu ciyawa ko ɗaya, sai dai ya ja wa Kawu kunne kawai. Tun daga ranar Baffa bai ƙara sakar masa fuska ba. Gaisuwa kawai, ita ma a taƙaice.

Ni mutum ne mai yawan juya abu a rai. Sai na fara lura da inda rikodar nan take zuwa. Ta je gonata ina kwance. Ta je gonar wata gwauruwa mai marayu. Ta je ta wani makaho, ta je ta Baffa. Ba ta taɓa zuwa gonar mai shanun huɗa ba, duk da tsamiyar da take gonarsa ta fi tawa inuwa. Gonar Kawu kansa kuwa sai da ta kusa lalacewa, don kullum yana ta wani.

Na same shi da rana yana jera batura a katanga. Na ce, "Kawu, abin nan da kake yi gayya ce."

Bai juyo ba. Ya ce, "Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa. Na duba ne na gani. Kuma ni ban ciyar da kowa ba, abin yana damuna. Haƙƙin mutane ne."

Sai ya juyo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, babu alamar wasa. Ya ce, "Zauna. Idan gayya ce, ka ci haƙƙin mutane, kai da matar nan mai marayu da Baffanka. Idan gayya ce, gobe duk gidan da na nufa an san tukunyarsu a kife take. Kana ganin Baffanka zai yarda a san haka? Wallahi gara masa gonar ta mutu. Saboda haka ba gayya ba ce. Wani shashasha ne yake yawo da kiɗa, yara suna binsa. Ka ji ko?"

Na ce, "Amma ana zaginka."

"Zagin ya hana gero yin kai? Bar su. Ni dai ka yi mini alkawari, maganar nan ba za ta fita daga bakinka ba. Na san ka, abu ba ya zama a cikinka sai ka kai wa malamai su auna maka."

Na yi masa alkawari. Sai ya koma yadda yake, ya miƙo mini kaset da biro ya ce tunda na zo in yi aiki.

Kada in sa a ɗauka duk dabara ce. Kawu yana son kiɗan nan tsakani da Allah. Na sha ganinsa shi kaɗai a zaure, ido a rufe, yana bin jitar nan da kai. Akwai wata waƙa mai sanyi da ba ya kaiwa gona, ya ce ita ba ta noma ba ce, ta tuna abokansa na masaƙa ce, waɗanda aka sallama tare kowa ya bi tasa hanya. Da shekaru suka yi sauƙi, makaɗi ya dawo, aka koma gayya da fura da tuwo. Rikoda ta lalace, ya kai gyara har ya gaji, kaset ɗin zafi ya narkar da su. Ya aske gashi, ya koma babbar riga, ya ɗauki tsintsiyar masallaci. Mutane suka ce Allah ya shirye shi. Bai taɓa musa musu ba. Amma ko da ya tsufa, idan yana zaune yana jan carbi, duba ƙafarsa ta dama za ka ga babban yatsa yana faɗuwa daidai.

Kwanakin zaman makoki ban samu natsuwa ba. Na tambayi wani malami, ba tare da na faɗi ko wane ne ba, shin alkawari yana faɗuwa idan wanda aka yi wa ya mutu. Ya ce amana amana ce. Na tambayi wani, ya ce ɓoye alherin mamaci alhali ana munana masa zato shi ma abin dubawa ne. Na dawo da damuwa biyu maimakon ɗaya. Ga kuma abin da Kawu ya ji wa tsoro, yawancin masu gonakin sun mutu, amma Baffa yana nan da ransa da mutuncinsa.

Ranar sadakar bakwai da safe, bayan an shafa addu'a ana raba waina, wani baƙo daga cikin abokan babban ɗan Kawu ya ce ya ji ana ta cewa marigayi ya yi ƙuruciya, wace irin ƙuruciya ce. Baffa ya ce, "Bar tone-tone, yaro. Mutum ne da ya mayar da yunwar mutane abin rawa. Har gonata ya shiga don ya wulaƙanta ni. Na dai yafe masa."

Ban san lokacin da na ce, "Baffa, a gafarce ni," ba. Na faɗi duk abin da na rubuta a nan. Na lissafa gonakin da rikoda ta je da waɗanda ba ta je ba. Na faɗi abin da ya ce mini a gindin katanga. Da na zo kan gonar Baffa na so in tsallake, amma ba ta tsallakuwa, shi ya kawo ta.

Wani dattijo cikin samarin wancan lokaci ya riƙe haɓa ya ce, "Ikon Allah. Mu muna can muna tsalle, ashe aiki aka sa mu." Wasu suka yi dariya, wasu suna share ido. Babban ɗan Kawu ya rufe fuska da hularsa. Baffa ya dafa sandarsa ya miƙe da ƙyar, wani ya kai hannu zai taimake shi ya ture, ya tafi gida ba sallama.

Na wuni ina cewa na yi ɓarna. Na karya alkawari, na kuma tona asirin tsoho a gaban baƙi, abin da Kawu ya sha zagi shekara da shekaru don kada ya faru. Ko abinci ban iya ci ba.

Washegari da hantsi aka yi sallama a ƙofar gidana. Na fito na ga Baffa tsaye, shi da rabonsa da taka ƙofata tun sunan ɗana na fari. Na durƙusa na fara ba shi haƙuri. Ya ce, "Rufe mini baki. Kana tsammanin yunwar ce ta dame ni? Wa bai yi yunwa ba a shekarar? Geron da aka nome ranar nan shi muka ci har wata damina." Ya tsaya yana numfashi. "Shekara nawa ina kiran mutumin nan shashasha a gaban 'ya'yana da nasa? Kana zaune kana ji. Ka bari sai da aka rufe shi da ƙasa sannan ka buɗe baki. Yanzu wa zan ba haƙuri?"

Na ce, "Shi ya hana ni, Baffa."

"Na sani. Ai halinsa ne." Ya juya sandarsa. "Tashi ka kai ni. Idona ba ya gane sababbin kaburbura."

Muka bi ta tsakanin gonaki a hankali, yana dafe da kafaɗata. Na nuna masa wurin, ƙasar ba ta gama kwanciya ba. Ya yi sallama ya tsuguna, ya daɗe yana addu'a, ni ina bayansa ina cewa amin. Da ya shafa, bai tashi ba. Ya kai hannu ya cire wata 'yar ciyawa da ta fara tsirowa a gefen kabarin, ya ce a hankali, kamar mai magana da wanda yake zaune kusa da shi, "Kai ma dai da taurin kai. Da ka bari na gode maka ko sau ɗaya."

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo gare ka. Ka fi mu sanin abin da ya kai gonakin mutane da abin da ya nufa da shi. Ka yalwata masa kabarinsa, ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mana. Ni kuma, Kawu, na faɗa. Ka yafe mini.